Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mawaƙan Talking Heads da Kamfanin Rhino Kan Faifan Remain in Light

Zuwa ga dattawa David Byrne da Jerry Harrison da Chris Frantz da Uwargida Tina Weymouth, tare da shugabannin kamfanin faya-fayai na Rhino.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto muku ne game da aikin da kuka ɗauko na sake fitar da tsofaffin faya-fayanku a cikin manyan kwalaye masu ɗauke da waƙoƙin da ba a taɓa ji ba, da hotuna, da ɗan littafin bayani. A watan Nuwamban 2024 kun fitar da na farko, wato Talking Heads: 77, sannan a Yulin 2025 More Songs About Buildings and Food ya biyo baya. Idan aka ci gaba da bin shekaru daki-daki, Fear of Music na 1979 ne ke kan layi, daga shi sai Remain in Light na 1980, kuma a kan wannan na ƙarshen nake so in yi magana tun kafin a kai kwalinsa maɗaba'a. Buƙatata guda ɗaya ce. Idan lokacinsa ya yi, a rubuta sunan duk wanda hannunsa ko kiɗansa ya shiga wannan faifai, tare da bayanin abin da ya kawo, tun daga ku huɗun har zuwa makaɗan Legas da na Tamale waɗanda ƙafarsu ba ta taɓa taka situdiyon da aka ɗauki waƙoƙin ba.

Na san yawancin masu aiko muku da saƙo wani abu daban suke nema. Tun ranar da aka gan ku ku huɗu zaune wuri ɗaya a bikin fina-finai na Toronto a Satumban 2023, lokacin da kamfanin A24 ya sake fitar da fim ɗin wasanku na dandamali, Stop Making Sense, masoyanku suka shiga lissafin ranar da za ku sake ɗaukar kayan kiɗa tare, har jaridu suka ruwaito cewa an yi muku tayin dala miliyan 80 kun ƙi karɓa. Ni ba na cikin masu wannan roƙo, kuma a ganina kun yi daidai. Dukanku kun haura shekara saba'in, rabonku da rangadin wasa tare tun farkon 1984, kuma waƙoƙi ukun da kuka yi a 2002, ranar da aka shigar da ku zauren karrama mawaƙan rock, sun isa bankwana. Abin da zai saura bayanku shi ne faya-fayai takwas da kuka ɗauka a situdiyo tsakanin 1977 da 1988, da kuma abin da aka rubuta a jikinsu.

Duk wanda ya saurari waɗannan faya-fayai bi da bi zai lura cewa ƙarfin ƙungiyarku daga ganga da jitar bes ya taso, ko da yake muryar Malam Byrne ce ke fara kama kunne. Lokacin da ku uku, Byrne da Frantz da Weymouth, kuka baro makarantar zane ta Rhode Island kuka tare a New York, kuka hau dandamalin gidan rawa na CBGB a Yunin 1975 domin share fage ga ƙungiyar Ramones, Uwargida Weymouth ba ta daɗe da fara koyon bes ba, kuma ta koya ne saboda an nemi mai kaɗawa an rasa. Amma ga shi waƙar da ta fara fito da sunanku, "Psycho Killer", da bes ɗinta kaɗai take buɗewa, tana dukan amo ɗaya a jere har sai mai sauraro ya ji gabansa na faɗuwa kafin a furta kalma ko ɗaya. Malam Harrison ya shigo a 1977 daga ƙungiyar Modern Lovers, ya cike gurbin jita ta biyu da fiyano. Seymour Stein na kamfanin Sire, wanda ya ɗauke ku, ya gwammace a kira salonku new wave domin gidajen rediyo na gudun duk abin da aka ce masa punk, alhali ku kunnenku yana wurin kiɗan rawa na baƙaƙen fatar Amurka tun farko.

Faifai na biyu, wanda kuka ɗauka a 1978 a situdiyon Compass Point da ke Nassau a tsibiran Bahamas tare da furodusa Brian Eno, shi ya tabbatar da haka. Waƙar da ta kai ku matsayi na 26 a jadawalin waƙoƙi na mujallar Billboard ta Amurka ita ce "Take Me to the River", kuma ta Al Green ce da abokin aikinsa Teenie Hodges. An buga sunayensu a jikin faifan, kuma kasonsu na kuɗi ya bi sunan, domin doka ta san mai baiti kuma ta san mai karin waƙa. Inda dokar take makancewa shi ne wurin mai ganga, kuma misalin da ya fi bayyana hakan yana kan faifanku na uku. Waƙar "I Zimbra" da ta buɗe Fear of Music ita ce karon farko da kuka jera jitoci da ganguna a kan tsarin kiɗan Afirka. Kalmominta kuwa an ɗauko su ne daga wata rubutacciyar waƙa ta Hugo Ball, Bajamushen da ya karanta ta a birnin Zurich a 1916, wadda da gangan ya haɗa ta da sautuka marasa ma'ana. Ball ya rasu tun 1927, amma sunansa yana nan cikin marubutan "I Zimbra" kusa da na Byrne da Eno. Mutumin da ya bayar da kalmomi marasa ma'ana ya sami suna a jikin faifai, su kuwa waɗanda aka koyi kiɗan a wurinsu, kiɗan da ya sa waƙar ta zama abin da ta zama, babu inda aka ambace su. Ban ce kun karya doka ba. Cewa nake dokar ta gaza, kuma ɗan littafin da ke cikin kwali wuri ne da za a iya cike abin da ta bari.

Remain in Light ya fito ranar 8 ga Oktoban 1980, waƙoƙi takwas a cikin kimanin minti arba'in, kuma ku kun fi kowa sanin yadda aka gina shi. Ba wanda ya shiga situdiyo da waƙa a rubuce. Kun taru a Compass Point kuna ta kaɗawa ana ɗauka a tef, idan aka ji wani guntun kiɗa ya yi daɗi sai a ware shi, mai shi ya koyi maimaita shi da hannu na tsawon mintuna ba tare da ya ƙara ko ya rage ba, domin a wancan zamani babu kwamfutar da za ta yanka ta liƙa. Daga baya, a kan na'urar haɗa sauti, a ɗaga wannan a sauke wancan har a fitar da abin da zai zama baiti da abin da zai zama amshi. Kalmomi sai a ƙarshe suka zo, a situdiyon Sigma Sound na New York, bayan Malam Byrne ya sha fama da su, har ya koma sauraron masu wa'azin coci a rediyo ya ɗauko salon jawabinsu ya sa a "Once in a Lifetime". Idan mutum ya kasa kunne ga "Born Under Punches" zai ji yadda bes ke tsalle yana barin gurbi, jita ɗaya ta jefa 'yar gajeriyar magana a cikin gurbin, ta biyu ta amsa mata, ganga tana riƙe da kowa, babu wanda ya hau kan wani kuma babu wanda zai iya tsayawa shi kaɗai. A "The Great Curve" muryoyi kashi-kashi ne ke shiga juna, ciki har da ta Nona Hendryx, kafin jitar Adrian Belew ta keto tsakiya. A "Houses in Motion" ƙahon Jon Hassell ne ke yawo a samansu.

Wannan tsari yana da asali, kuma ku da bakinku kun faɗe shi. Faifan Afrodisiac na Fela Kuti, wanda aka ɗauka a Landan ya fito a 1973 da waƙoƙi huɗu, shi ne Eno ya kunna wa Malam Byrne, kuma shi ya zama madubin aikin. A cikin waƙoƙin da ba ku ƙarasa ba, waɗanda aka ƙara a bugun 2006, akwai wadda sunanta ma "Fela's Riff". Amma mai cewa Fela a wancan zamani, ko ya sani ko bai sani ba, yana cewa Tony Allen ne, makaɗin gangunan ƙungiyar Africa 70 kuma jagoran makaɗanta, wanda hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu kowanne ke bin nasa lissafin. Eno da kansa ya ce mai yiwuwa ba a taɓa yin makaɗin ganga kamarsa ba. Ba na cikin masu kiran abin da kuka yi sata, domin shi ma kiɗan Fela aro ne a kan aro: Allen ya koyi abubuwa da dama daga sauraron makaɗan gangar jazz na Amurka, Art Blakey da Max Roach, Fela kuma ya dawo daga zaman da ya yi a Los Angeles a 1969 da kunnen da ya sha kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da siyasarsu. Kiɗa ya ƙetare teku ya dawo, ya sake ƙetarewa. Abin da ake bin mai aro shi ne ya faɗi gidan da ya aro, da sunan mai gidan.

Akwai gida na biyu da ba a cika ambata ba. Sa'ad da faifan zai fito, Malam Byrne ya haɗa wa 'yan jarida takarda mai jerin littattafan da ya karanta, kuma a cikinsu akwai African Rhythm and African Sensibility na John Miller Chernoff, wanda aka buga a 1979. Chernoff ya yi shekaru a Gana yana koyon kiɗa, kuma babban malaminsa a Tamale shi ne Alhaji Ibrahim Abdulai, makaɗin Dagomba, mai kaɗa irin gangar da ake matsewa a hammata a sauya mata murya, 'yar'uwar kalangunmu. Darasin da littafin ya fi nanatawa, cewa makaɗi nagari shi ne wanda ya san inda zai yi shiru domin ɗan'uwansa ya shiga, daga bakin irin waɗannan dattawa ya fito, kuma shi ne ake ji a kowace waƙa ta gefen farko na faifanku. Na yaba da wannan takarda ta 1980, domin a lokacin mawaƙan Turai da Amurka kaɗan ne ke nuna inda suka sha ruwa. Sai dai takardar da aka raba wa 'yan jarida shekara arba'in da wani abu da suka wuce ba ta hannun yaron da ya tsinci "Once in a Lifetime" a wayarsa yau, kuma ko a cikinta sunan marubucin littafin ne ya fito, ba na malaminsa ba.

Abin da ya sa nake ganin za ku fahimci wannan magana fiye da kowa shi ne, ciwon ya taɓa ku a cikin gida. An yi yarjejeniya cewa za a jera sunayen mutum biyar, ku huɗu da Eno, bisa tsarin haruffa a matsayin marubutan waƙoƙin, tunda tare aka ƙirƙiro kiɗan. Da bugun farko ya fito sai ga sunan Byrne da na Eno a gaba, sauran an dunƙule su ko an tsallake su. An gyara a bugu na baya, amma tabon bai goge ba, kuma Malam Frantz ya sake tayar da zancen a littafin tarihin rayuwarsa na 2020. Hatta bangon faifan, mai fuskokinku huɗu da aka shafe da ja ta hanyar kwamfutar jami'ar MIT, da jiragen yaƙin da ke bayansa, daga tunanin Uwargida Weymouth da mijinta Malam Frantz ya fito kafin mai zane Tibor Kalman ya ƙarasa shi. A daidai wannan zamani, a can Legas, Tony Allen ya riga ya raba gari da Fela bayan wasan Berlin na 1978, kuma maganar kuɗi da rashin ba shi matsayinsa a waƙoƙin da ya gina na cikin dalilan. Mu ma a ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne: kowa ya san Mamman Shata, amma mutum nawa ne za su iya kawo sunayen masu kalangun da 'yan amshin da suka yi shekaru suna bayansa? Mai murya ne ke tafiya da suna a ko'ina, sai in shi da kansa ya juya ya nuna na bayansa.

Dole in taɓo wani faifai da ba na Talking Heads ba ne, amma tagwayen wannan ne, wato My Life in the Bush of Ghosts na Byrne da Eno, wanda ya fito a 1981 da sunan da aka aro daga littafin Amos Tutuola na 1954. A cikinsa an ɗora muryoyin mutane da aka kwaso daga rediyo da tsofaffin faya-fayai a kan kiɗa. Ɗaya daga ciki karatun Alƙur'ani mai girma ne na wasu Musulmin Aljeriya, kuma bayan wata majalisar Musulmi a Birtaniya ta yi ƙorafi an cire shi daga bugun da suka biyo baya. Cirewar daidai ce, kuma da an tambayi Musulmi ko ɗaya tun farko da ba a kai ga haka ba. Sai kuma Dunya Younes, mawaƙiyar Labanon da aka ɗauki muryarta a Beirut, aka sa ta a waƙoƙi biyu na faifan ba da saninta ba, sai bayan shekaru fiye da talatin labari ya kai gare ta aka sasanta da ita. Ta yi sa'a tana raye lokacin da gyaran ya zo, kuma wannan ita ce sa'ar da nake jin tsoron wasu ba za su samu ba.

Kun iya abin da nake roƙo, domin kun taɓa yin sa a bainar jama'a. Fim ɗin Stop Making Sense, wanda Jonathan Demme ya ɗauka a zauren Pantages na Hollywood a Disamban 1983, yana farawa ne da Malam Byrne shi kaɗai a dandamalin da babu ko labule, riƙe da jita da rediyo mai kaset. A waƙa ta biyu Uwargida Weymouth ta shigo da bes, a ta uku ma'aikata suka turo gangunan Malam Frantz a kan taya, a ta huɗu Malam Harrison ya fito, a haka har aka cika mutum tara, da Bernie Worrell a kan fiyano, da Steve Scales a kan ganguna, da Alex Weir da jita, da Lynn Mabry da Ednah Holt suna amshi. Mai kallo yana ganin abin da kowane mutum ya ƙara a daidai lokacin da ya ƙara shi. Kusa da ƙarshe aka kira sunan kowa ɗaya bayan ɗaya, har ma'aikatan bayan fage aka fito da su aka tafa musu. A ganina wannan ne ya sa fim ɗin bai tsufa ba, fiye da ƙatuwar kwat ɗin Malam Byrne da kowa ke tunawa.

Faya-fayan da suka biyo baya sun fi kawo kuɗi. Speaking in Tongues na 1983 ya ba ku "Burning Down the House", waƙarku ɗaya tilo da ta shiga goman farko a Amurka, Little Creatures na 1985 ya fi dukansu kasuwa da "Road to Nowhere" da "And She Was", True Stories na 1986 kuma ko ba komai ya ba wata ƙungiyar Ingila sunanta daga waƙar "Radio Head". Waƙoƙi ne masu daɗi, amma a biyun ƙarshen nan an koma tsarin mutum ɗaya ya rubuto sauran su raka shi, kuma kunne yana jin bambancin. Wanda nake ganin ba a yi wa adalci ba shi ne Naked na 1988, na ƙarshe, wanda kuka ɗauka a Paris tare da furodusa Steve Lillywhite. A nan kun daina koyon kiɗan Afirka daga faifai da littafi, kun zauna ɗaki ɗaya da masu shi: Mory Kanté na Gini da kora ɗinsa, kayan kiɗa mai tsirkiya, Yves N'Djock da Brice Wassy na Kamaru, Abdou M'Boup na Sanigal, kuma sunan kowannensu yana jikin kwali. Jitar da ke rausaya a "(Nothing But) Flowers" ta isa shaida cewa hanyar ta yi kyau. Abin takaici, shekara uku bayan haka sauran ukun a jaridar Los Angeles Times suka karanta cewa ƙungiyarsu ta watse.

A 2018 mawaƙiya Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Binin ta sake rera Remain in Light gaba ɗayansa, ta gayyato Tony Allen ya kaɗa a ciki, bayan ta fara gabatar da shi a zauren Carnegie a 2017 inda Malam Byrne ya hau dandamali suka yi waƙa tare. Ta nuna cewa 'yan Afirka ba su riƙe ku da ƙulli ba, kuma ta sa Allen ya taɓa waƙoƙin da aka gina a kan hannunsa shekara biyu kafin rasuwarsa a Paris a Afrilun 2020. Fela ya rasu tun 1997, Worrell a 2016, Mory Kanté a 2020, Hassell a 2021, Stein a 2023. Masu ba da labarin da bakinsu suna ƙarewa, shi ya sa ban jira an sanar da ranar fitar kwalin ba.

Don haka ina roƙon a keɓe wa Fela da Tony Allen da makaɗan Africa 70 babi na kansu a ɗan littafin, a nemi iyalan Fela, irin su Yeni da Femi da Seun, ko ita Kidjo, su rubuta shi da hannunsu, maimakon a bar wa ɗan jaridar New York ya taƙaita shi a layi biyu. A sake buga takardar nan ta 1980, a ƙara mata sunan Alhaji Ibrahim Abdulai da bayanin makaɗan Tamale kusa da sunan Chernoff, wanda shi kansa bai taɓa ɓoye malamansa ba. Ga kowace waƙa cikin takwas ɗin a faɗi wanda ya fara kawo guntun kiɗan da aka gina ta a kai, ku huɗu ku zauna ku daddale hakan tun kuna iya tunawa, inda kuka saɓa kuma a rubuta ruwayar kowa da sunansa. Tunda tef ɗin asali yana hannun kamfani, a sa wasu waƙoƙin da ganga da bes kaɗai ba murya, a sa "Fela's Riff" a wurin da za a gan ta. Ku kuma shugabannin Rhino, bayanin da ke cikin kwali mai tsada mutane ƙalilan ne za su gan shi, saboda haka a ɗora shi a intanet kyauta, a kuma cike sunayen a manhajojin sauraron waƙa irin su Spotify da YouTube, inda matasan Legas da Tamale da Kano za su fi cin karo da waƙoƙin.

Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya riga ya sa Remain in Light cikin faya-fayan da ƙasar za ta adana tun 2017, kuma duk mai binciken da zai zo nan gaba kwalin da za ku fitar zai fara buɗewa. Malam Byrne, kai da ka kafa kamfanin Luaka Bop, wanda ya fito da waƙoƙin William Onyeabor na Enugu ga duniya a 2013, ka san yawan wasiƙu da tafiye-tafiyen da irin wannan aiki ke ci, don haka ya kamata a fara tuntuɓar mutanen tun yanzu.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai sauraronku daga Zariya